Iya da Ɗakin da Ke Hawa Mota

Na Allah ne mu duka, kuma ya karɓi abinsa: uwar mijina ta rasu ana tsakiyar yankan gero. A gidanmu na Tanut ta cika, da hantsi, bayan ta sha kunu ta ce mini bai ji tsamiya ba. Iya muke ce mata, mu da 'ya'yanta da rabin unguwa. Ni suruka ce, ban taɓa kama sunanta da bakina ba tana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Amma ina tsoron shekaru su tura, jikokinta su tashi ba su san ko wace ce ita ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ranar da aka zauna makoki mata sun cika tsakar gida har bakin madafa. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Allah ya jiƙan Iya, mace mai haƙuri." Ina amsawa da amin, a cikina kuwa ina cewa wannan ladabin makoki ne kawai. Iya tana da kirki, tana da kyauta, tana da tsoron Allah, amma haƙuri dai ban gan shi ba. In abu bai yi mata ba, kafin ka rufe baki ta faɗa maka, kuma da ƙarfi, don maƙwabta ma su amfana.

Wanda ya faɗi gaskiya shi ne direban motar kasuwa mai zuwa Belbeji. Ya zo ya tsaya bakin zaure, ƙato da shi, ya aiko a ce yana gaida mata. Da na leƙa sai na ga yana share ido da bakin rawani. Ya ce, "Uwargida, yau na rasa mai zagina. Wallahi tsohuwar nan ita ta koya mini kashe rediyo." Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya juya ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Ƙanin mijina, tela ne, shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Ya shigo bisa kekensa na hannu ya tsaya kusa da ni. Shi bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "Kin san sai da na girma, na shiga cikin 'yan'uwana guragu, sannan na ji wai ana barin mutum a gida in za a tafi biki? Na ɗauka ƙarya suke yi." Iya ta goya shi zuwa kowane suna da kowane aure na dangi, har sai da ƙafafunsa suka fara jan ƙasa, sannan ta nemo masa jaki.

Can gefe kuma wata tsohuwar Buzuwa mai sayar da cuku, aminiyar Iya, ta zauna tun safe. Da la'asar ta tashi ta nufi kusurwar gida, inda wani ɗan ɗakin tabarma yake kafe. Ta zagaya shi, ta ga wata igiya ta saki, ta ƙara ɗaure ta, ta koma mazauninta. A cikin ɗakin nan 'yata take, ta toshe kunnuwa da tafin hannu saboda yawan jama'a. Ni kuwa duk zaman makokin, bayan zafin rashi, tambaya ɗaya ke cin raina: yanzu da Iya ta tafi, wa yarinyar nan take da shi in babu ni da ubanta?

'Yar fari ce, don haka ita ma ba zan faɗi sunanta ba. Iya "ƙawata" take ce mata, ni kuma ta ce mini "uwar ƙawata". Tun tana ƙarama muka ga ba kamar sauran yara take ba. Ba ta kallon mutum cikin ido, maganarta ba ta wuce kalmomi kaɗan, ƙara kuwa tana shiga mata kai kamar allura. Ƙwarya ɗaya take shan fura da ita, in an canza ba za ta sha ba ko da za ta wuni da yunwa. Abin da ya fi komai tayar mata da hankali shi ne baƙon wuri. In aka shigar da ita ɗakin da ba ta sani ba, sai ta yi ta ihu tana buga kai da bango har muryarta ta dishe. An ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi rubutu an sha. Daga baya wani likita a Damagaram ya zaunar da mu ya ce ba iska ba ce, haka Allah ya yi ƙwaƙwalwarta. Ya faɗi sunan abin da Faransanci, otism, ya ce mu kiyaye mata duk abin da ta saba da shi. Iya tana wurin. Ta ce, "To, ɗan nan, na ji, kuma na gode. Sai dai danginta ba su cikin abin da ta saba, kuma dole ta saba da su."

Tafiyar farko da muka gwada ba ta yi kyau ba. Yayar mijina ta haihu a ƙauyensu na wajen Ollelewa, muka hau amalanke muka je suna. Muna shiga gida aka rangaɗa guɗa, ga masu kiɗan ƙwarya, ga mata suna ta rububin ɗaukar yarinya su gan ta. Aka tura mu wani ɗaki mai duhu cike da kayan mutane. Yarinya ta yi ihu, ta ciji hannunta har ya yi jini. Na ji wata tana cewa a nisanta ta da jaririn. Ko naman suna ba mu jira ba muka juyo. A hanya na ce ni da kai ta taro har abada, kuma ba kunya ce ta sa na faɗa ba, tausayinta ne. Daga nan in biki ya tashi sai maigidana da Iya su tafi, ni da yarinya mu tsare gida. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, muna a haka.

Wata rana ina tankaɗe, Iya ta jawo kujera ta zauna gabana, irin zaman da na san akwai magana.

"Uwar ƙawata, ke za ki mutu?"

Na ce, "Iya, ai kowa zai mutu."

"Ɗana fa?"

"Shi ma."

"To, ran da kuka mutu, wa zai buɗe mata ƙofa? Wanda bai taɓa ganin ta ba? Wanda labarin ihunta kawai ya ji? Ni ba biki nake so ta gani ba, bikin banza. So nake a gan ta, a yi ta ganin ta, har a gaji da kallon ta, ta koma 'yar gida."

Na ce, "Iya, kun dai ga abin da ya faru a Ollelewa."

Ta ce, "Na gani. Mu muka yi wauta, ba ita ba. Bari in yi tunani."

Tunanin Iya da ƙafa take yin sa. Ta bi aminiyarta mai cuku zuwa zangonsu, arewa da gari, a daidai lokacin da za su tashi neman kiwo. Ta kwana can, ta ga an kwance ɗakunan tabarma, ta bi su ta ga an kafa. Ta dawo mana baki har kunne, ko mayafi ba ta cire ba ta fara magana.

"Kun ga mutanen nan? Kullum tafiya suke, amma ɗansu bai taɓa kwana baƙon ɗaki ba. In sun sauka, ɗakin jiya za a kafa, tabarmin jiya, gado inda yake, ƙofa tana kallon yamma. Ƙasa ce kaɗai ta canza, ita ma rairayi ne ko'ina. Mu ne wawaye, muke ɗaukar yarinya mu bar mata ɗakinta a baya."

Maigidana ya ce, "To Iya, ɗakin ƙasa za mu ɗora bisa mota?"

Ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka jira a gama magana."

Ita da Buzuwar suka zauna suka haɗa ɗan ƙarami, wanda mutum biyu za su shiga a zaune: 'yan sanduna lanƙwasassu, tabarmin kaba, da igiyoyi. In an kwance shi an naɗe bai fi ɗaurin kara ba. Suka kafa shi a kusurwar gidanmu. Na ɗauka Iya za ta kama yarinya ta tura ciki, sai na ga ita da kanta ta koma can tana barcin rana, ta kai ƙwaryar yarinyar da wani tsohon zane da take son shafawa ta ajiye a ciki. Yarinya ta yi makonni tana zagaye ɗakin daga nesa. Sannu a hankali ta fara leƙawa, ta fara shiga ɗaukar ƙwarya, ta fara zama. Ranar da ta ja ƙafar Iya tana nuna mata ƙofa, Iya ta fito da rarrafe tana shela, "Jama'a ku zo ku gani, ƙawata ta kore ni daga gidana!" Ban taɓa ganin wanda aka kora yana murna haka ba.

Sai kuma koyon tafiya. A gaban idon yarinyar take kwance ɗakin, kullum iri ɗaya, tabarmi da farko, sannan sanduna, ƙwarya daga ƙarshe a miƙa mata a hannu. A ɗora bisa amalanken maƙwabci, mu hau, a zagaya unguwa, a dawo gida a kafa. Mutane suna zaune bakin shago suna dariya. "Iya, ina zuwa da kaya haka?" Ta ce, "Tanut za mu." "Daga ina?" "Daga Tanut." Ko a jikinta. Bayan nan muka kai ɗakin gidan tela, can wancan gefen gari, muka wuni. Sannan muka koma Ollelewa, gidan da muka baro da kuka. Iya ta riga ta aika cewa kada wadda ta yi guɗa in mun shiga, kada kuma wadda ta taɓa yarinya. Aka kafa ɗaki bayan rumbu, ta shige, ta sha furarta. Da yamma ta fito da kanta ta tsaya tana kallon awaki, 'ya'yan gidan suna wasa kusa da ita. Mun kwana, mun wuni, mun dawo lafiya, ni kuwa ina ta mamaki.

Mota ta fi amalanke wuya, a nan ne direban ya shigo rayuwarmu, ko in ce Iya ta shiga tasa. Tun ana gobe tafiya take zuwa tasha ta same shi. Gidan gaba namu ne, yarinya a bakin taga. Ba za mu hau a tasha ba, inda ake ihu ana jifa da buhuna, sai ya gama lodi ya same mu ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin gari. Rediyo a kashe. Ba a danna oda sai in rai za a ceta. In tela yana cikin tafiyar, kekensa a sama za a ɗaure shi, ba ƙarƙashin buhunan gero ba. In an zo shingen jandarmomi, ita ke fara sauka da sandarta ta je ta gaida su, ta ce akwai yarinya a gaba da ba ta son a zura mata kai ta taga, su yi magana a hankali. Yawancinsu suna yi, don wa zai tsaya musu da tsohuwa a tsakiyar rana.

Ran farko direban ya ce, "Iya, motar nan tawa ce ko taki?"

Ta ce, "Taka ce, ɗan nan. Shi ya sa alhakin zai hau kanka."

Ya yi ta gunaguni har muka isa. Amma ba ta taɓa hawa motarsa ba tare da ta ƙulla masa gumba a leda ba, kuma da matarsa ta yi rashin lafiya Iya ce ta je ta zauna da ita.

Rigima mafi girma a Belbeji aka yi ta, kuma da ƙanin Iya na ciki ɗaya, wanda duk muke ce wa Kawu. Dillalin dabbobi ne, mutum mai son a ce gidansa gidan baƙi ne. Zai aurar da ɗansa, ya sa aka share ɗaki, aka shafe shi da farar ƙasa, aka shimfiɗa sabuwar katifa saboda yayarsa. Mu kuwa muna sauka, ko gaisuwa ba a gama ba, Iya ta karɓi fartanya ta fara haƙa ramukan sanduna a tsakar gidansa. Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baƙo abin da aka ba shi yake karɓa. Ko da tuwonka ka zo gidan mutum ka ci masa fuska, balle ka zo da ɗakinka.

Kawu ya fito, babbar riga tana jan ƙasa. "Yaya, mene ne wannan?"

"Ɗakin ƙawata ne."

"A gidana? Ɗakin da na gyara bai ishe ku ba, sai kin kafa mini bukka a tsakar gida gaban surukai? So kike gobe a kasuwa a ce ba ni da wurin sauke yayata?"

"Ɗakinka ni zan kwana ciki, har da minshari. Ita nata ta zo da shi."

"Ba a yi mini haka, Yaya."

"To, madalla. Sai mu kafa a waje."

Na ɗauka barazana ce. Wallahi sai ga Iya ta tattara sanduna, ta fita ƙofar gida, ta kafa ɗakin a jikin katanga, kusa da inda baƙi ke ɗaure jakuna. Yarinya ta shige, Iya ta shimfiɗa buzu a bakin ƙofa ta zauna tana jan carbi. Duk wanda ya zo ɗaurin aure sai ya fara durƙusawa ya gaida ta a titi, ya tambayi lafiya. Ta ce lafiya lau, iska take sha. Ni ina tsaye kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar Kawu, mace mai sanyin hali, ta yi ta kai da kawowa tsakaninsu har ƙafarta ta gaji.

Da la'asar Kawu ya fito a fusace zai ce a kwashe. Ya sunkuya ya leƙa cikin ɗakin. Ga kalangu na tashi a cikin gida, ga yarinyar da aka ba shi labarin ihunta tana zaune shiru tana jera ƙwallayen dabino a bakin tabarma. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe bai kalli Iya ba, ni ya kalla. Ya ce, "Ku shigo da shi. Bayan rumbu, ba tsakar gida ba." Bai ƙara yi wa yayarsa magana ba har aka watse, kuma da Sallah ta zo bai aiko mata da komai ba. Ita ma ta ce ya riƙe kayansa.

Amma ba ta daina zuwa ba. Suna, gaisuwar mara lafiya, ko babu dalili ma sai ta ƙirƙiro. Zuwa na biyu Kawu ya yi gunaguni kamar na farko, sai dai mun tarar an share bayan rumbu. Daga baya ya ɗauki al'adar shimfiɗa tabarmarsa kusa da wurin bayan azahar, wai inuwar ta fi sanyi. Shi ba ya yi wa yarinyar magana, ita ba ta kallon sa, kuma ina jin abin da ya haɗa su ke nan. In ya cire takalma sai ta fito ta jera su ta koma. Har Iya ta bar duniya bai taɓa cewa ta yi daidai ba, ita ma ba ta nema ba.

Kada in sa a ɗauka kowace tafiya daɗi ce. Akwai ranar da mota ta lalace a daji kan hanyar Tenhya, muka kafa ɗakin a bakin hanya cikin rana tsaka, fasinjoji suna kallon mu, wasu har suna roƙon inuwa. Akwai ranar da yarinya ta ƙi sam, muka sauka a rabin hanya muka juyo. Na zauna ina huci, Iya ta ce, "Yau rabin hanya muka gani, saura rabi." Akwai kuma ranar da maigidana ya manta ƙwaryar a gida, sai da muka isa Ollelewa aka lura. Iya ta tsaya tana kallon sa, magidanci da furfura a gemu, har ya ari babur ya koma Tanut ya ɗauko.

Tana da wata ɗabi'a da ta sa wasu ke sauya hanya in sun hango ta a tasha. Kowa in ya ga masu tafiya cewa yake a sauka lafiya. Ita kuwa sai ta ƙirga iyalin da ido ta ce, "Wa kuka bari a gida?" In aka ce tsoho makaho ne, ko yarinya kurma, ko wani yaro da ba ya jin magana, sai ta ce, "Tukunya ce shi da za a kife a tafi?" Wasu su ji haushi, wasu su sunkuyar da kai. Wata mata daga Falanko ta biyo ta har gida bayan irin wannan tambayar, ta zauna tana kuka, ta ce nata ɗan ɗaure shi take da zane a jikin turmi in za ta fita. Iya ba ta yi mata faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki. Ta ba ta abinci, ta kai ta ta ga ɗakin, ta aika aka kira mai cuku. Kafin matar ta koma sun haɗa mata nata.

Da tsufa ya kama ta, gwiwoyi suka ƙi, sai da ɗauka ake sa ta a mota. Direban nan ne ke tallabar ta kamar jaririya, tana cewa, "A hankali, ɗan nan, yanzu ni ce kayan." Wata rana maigidana ya ce, cikin ladabi, ko za ta huta a gida wannan karon, hanya ba kyau. Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Kai ma ka fara?" Bai sake ba.

Bayan rasuwarta yarinyar ba ta yi kuka ba. Kowace safiya sai ta je ƙofar ɗakin Iya ta tsaya, ta daɗe, sannan ta ce, "Iya tafiya." In ce mata e, Iya ta yi tafiya. Ban san iyakar abin da ta gane ba, ban kuma matsa mata ba.

Watanni kaɗan bayan haka wani ciwon ciki da na daɗe ina dannewa ya kayar da ni. Likitan Tanut ya ce sai an yi mini aiki a Damagaram, kuma zan jima a kwance, dole maigidana ya bi ni. Tsoro ya kama ni, ba don wuƙar likita ba. Asibiti ba wurin kafa ɗakin tabarma ba ne. Gidan tela kuwa an kafa injin niƙa a jikin katangarsu, yarinya ba ta iya wuni can yanzu. Ga tambayar Iya ta zo ta same ni tun ban mutu ba. Ban roƙi kowa ba, don ban san bakin da zan buɗe in ce wa mutum ya riƙe mini budurwar da ba ta magana ba. Maigidana dai ya buga waya ya sanar da dangi za a yi mini aiki, kamar yadda ake yi.

Ana jibi za mu tafi sai ga sallama, matar Kawu ce da 'yar jakarta, ƙafafu duk rairayi. Bayan ta sha ruwa ta ce, "Kawunku ya ce in zo in tafi da yarinya." Nan take waya ta yi ƙara, yayar mijina ce daga Ollelewa, ashe labari ya kai mata, tana faɗa wai ita ce gwaggo, ita ta fi cancanta, don me za a kai 'yar ƙaninta Belbeji. Ina zaune ina jin mata biyu suna jayayya a kan wadda za ta ɗauki 'yata, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Da safe matar Kawu ta kwance ɗakin a gaban yarinyar. Na buɗe baki zan gaya mata yadda ake yi, sai na ga ta fara da tabarmi, ta bi da sanduna, ta ɗauki ƙwarya ta miƙa mata a hannu. Ashe duk shekarun nan tana kallo. Yarinya ta karɓa, ta nufi ƙofa. Na raka su har bakin gari da ƙyar, ina dafe da ciki. Ta hau ta zauna a bakin taga, ta rungume ƙwaryarta, mota ta tashi. Ba ta waiwayo ba. Tun da na haife ta ba ta taɓa yin nisa da ni ba, sai ran nan.

An yi aikin lafiya. Da na farfaɗo sosai, wata la'asar, maigidana ya kara mini waya a kunne ya ce Kawu ne. Na gaida shi da muryar da ta rage mini, na ce, "Kawu, yaya kuke fama da ita?"

Ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, ranar farko ta yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Na ce kowa ya koma gidansa. Muka yi shiru, muka bar ta ta gama, ta shiga ɗakinta. Yanzu tana ci tana sha. Ta ma sami aiki, ita ke ba tumakina dusa, kuma ba ta yarda wani ya taɓa kwanon. Mutanen Ollelewa sun aiko wai a ba su ita, na ce su jira, ba yanzu ba."

Na ce, "Kawu, Allah ya saka da alheri. Da an sallame ni za mu zo mu ɗauke muku nauyi."

Ya ce, "Wane nauyi? Ke dai ki kwanta ki warke. Yarinya tana gida."

Na juya fuska bango na yi kukan da ban samu na yi ba ranar makoki. Matar da ke gadon kusa da ni ta taso ta dafa ni, ta ce, "Baiwar Allah, mugun labari ne?" Na ce mata a'a, uwar mijina nake yi wa addu'a.

Allah ya gafarta wa Iya, ya yafe mata kaifin bakinta, ya sauke ta a masauki mai sanyi. Ta tafi ta bar ƙawarta cikin mutane.